Taransifomar da Ta Makara

A garinmu na bakin kogin Dunav, in baƙo ya tambayi wanda ya fi kowa sanin taransifoma, kowa babban makaniki Maistor Gvozden yake nunawa. Ba don an yarda ba ne, don a huta ne. In ba a nuna shi ba shi zai nuna kansa, kuma nasa nunin awa biyu yake ci.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a masana'antar gyaran taransifoma da ke bayan tashar jirgin ƙasa, yana naɗa waya, yana tace mai, yana ba injiniyoyi shawarar da ba su nema ba. A faɗarsa, ya taɓa sauraren gurnanin wata taransifoma ta wayar tarho ya faɗi ciwonta. A faɗarsa kuma, tarwaɗar da ya kama shekarar ambaliya sai da aka ari motar ɗaukar gungume kafin ta bar bakin ruwa. Gashin bakinsa kuwa, tun daga kwanar gidan burodi ake hango shi kafin a hango mai shi.

Abu ɗaya ya gagare shi a duniya: farar riga. A masana'antar, masu aikin hannu shuɗin kaya suke sawa, masu zama gaban na'ura su sa farar riga mai aljihun biro. Gvozden yakan ce shi fari ba ya burge shi, kayan masu sayar da cuku ne. Amma matarsa Leposava ta taɓa kama shi gaban madubi ya yafa zanin teburinta yana gyaran murya.

Sai ga Injiniya Dubravka ta dawo daga jami'a da wani akwati baƙi, bai fi injin wanki girma ba. Shekara biyu ta yi a kansa. Ranar Litinin Darakta Svetozar ya kira manyan ma'aikatansa biyu, Gvozden da Milutin, ya ce:

"Juma'a baƙi za su zo daga madatsar ruwa su ga abin nan. Bayan sun tafi, ɗaya daga cikinku zai zama mai kula da shi. Rigar tana rataye a ofishina, ɗaya ce tak."

Milutin mutum ne shiru-shiru, kullum da ɗan littafi a aljihu. Abin da ya ƙara dagula lamarin, shi ne kum ɗin Gvozden, wato shi ya tsaya masa shaida ranar aurensa. A wajenmu kuwa ba a zagin kum. Duk abin da za ka yi masa, sai dai ka yi shi cikin ladabi.

"Kum," in ji Gvozden, "kada ka damu. In na shiga ofis zan riƙa ɗaga maka hannu ta taga."

"Allah ya ba ka lafiyar hannun, kum," in ji Milutin.

Dubravka ta zaunar da su gaban allon kwamfuta. "Kawu Gvozden, Kawu Milutin, ku saurara da kyau. Cikin akwatin nan akwai taransifomar madatsar ruwa sukutum, amma ba ƙarfe ba mai, lissafi zalla. Wannan kuma," ta dafa wata na'ura mai ruwan toka a gefe, "rele ne na gaske, mai gadin taransifoma, wanda ke yanke wuta in ya ji haɗari. Mun haɗa shi da akwatin, shi bai san ƙarya ake masa ba. In na danna jan maɓallin nan, wayoyi sun haɗe ke nan a cikin akwatin. Rele ya ji, ya yanke, ɗan ƙwan fitilar nan ya kama. Mun gwada mai gadi ba mu ƙona ko ashana ba."

Ta danna. Kafin ta ɗauke yatsa, tas! Ƙwan ya kama.

"Sharaɗin ɗaya ne. Daƙiƙa ɗaya a cikin akwati dole ta zo daidai da daƙiƙa ɗaya a agogon bango. In ya makara, bai da amfani."

Milutin ya rubuta. Gvozden bai ji ba, idonsa na kan allo. Hoton ƙarfen taransifomar ne a yayyanke cikin 'yan alwatika dubbai, saƙe da juna kamar taru.

"Ɗiyata, mene ne wannan?"

"Mreja ke nan. Akwatin ba ya iya lissafa ƙarfen gaba ɗaya, sai an yanka masa ƙanana, ya lissafa kowane ido daban, sannan ya haɗa."

To, a nan tsiyar ta faro. Mu kalma ɗaya gare mu, mreja. Ita ce tarun kamun kifi, ita ce wayoyin wutar ƙasa baki ɗaya, ita ce igiyoyin da ke haɗa kwamfutocin ofis, ita ce kuma wannan saƙar ta kan allo. Masu hankali sukan tambaya wacce ake nufi. Gvozden bai taɓa tambaya ba tun da aka haife shi.

Ya sa ƙaton yatsansa a tsakiyar hoton. "Dubi nan. Wa ya saƙa miki wannan? Idon nan ai da hularka za ka wuce ta ciki. Da wannan kike so ki kama lantarki, abin da ya fi ɗan kifi sulɓi?"

"Kawu, wata shida na yi ina buɗa idanun nan. In suka yi ƙanana, lissafin ya fi daidai, amma akwatin ba zai iya..."

"Ya fi daidai. Kin faɗa da bakinki."

"Amma..."

"Ni da mreja, ɗiyata, tun kafin babanki ya san hanyar gidan su mamanki."

Milutin ya ƙarasa rubuta abin da ke bayan "amma". Gvozden ya tafi shan kofi.

Ranar Talata Dubravka ta tafi birni karɓo wasu takardu. Da hantsi ta bugo waya, aka yi rashin sa'a Gvozden ya ɗauka.

"Kawu, don Allah haɗa min akwatin da mreja, ina so in duba wani abu daga nan."

Igiyar kwamfuta take nufi, 'yar siririya, tana nan rataye a bayan tebur. Gvozden ya ce, "An gama." Ya naɗe hannun riga, ya kira leburori biyu, suka jawo wayar gwaji mai kaurin damtse daga babban zaure, wadda ke ɗauke da wutar da za ta iya kunna rabin gari. Suna nishi suna ja, har sun kai bakin ƙofa, sai ga Milutin tsaye da burodi a hannu.

"Kum, ina zuwa da macijin nan?"

"Umarnin injiniya. Matsa."

"Ta ina za ka shigar da shi? Ramin akwatin bai kai hancinka ba."

"Za a faɗaɗa."

Milutin ya ajiye burodin, ya zagaya bayan tebur, ya soka 'yar igiyar, ƙit. Waya ta sake ƙara. "Na gode, Kawu Gvozden, ya shigo!"

Gvozden ya dubi leburorin da ke haƙi, ya shafa gashin baki. "Kun gani? Gwada shi nake. Kum, ka ci, amma da ƙyar. Ku mayar da wayar."

Kafin la'asar labarin ya kai shagon Ljubisav wanzami, ya fito da ƙafafu huɗu. Da Gvozden zai wuce gida, Ljubisav ya leƙo da almakashi a hannu.

"Maƙwabci! An ce saura ƙiris ka soya kwamfuta. Da albasa za a ci ko haka nan?"

"Ka zo Juma'a ka ga abin da za a ci. Ka zo da duk wanda ka ga dama. Ka zo da surukarka."

"Gayyata ce?"

"Unguwa duka!"

A gida Leposava na yanka kabeji. "Na ji ka gayyaci unguwa. Kai ne darakta yanzu?"

"Lepa, ki nemo maratayi mai kyau. Farar riga ba a rataye ta a ƙusa."

"Tsoho, famfon kicin ɗin nan da ka gyara a bazara, har yau in na buɗe shi rediyo ke yin shiru."

"Wannan ci gaba ne, ba ki gane ba."

"Ka bar wa yarinyar mutane akwatinta."

"Taimakonta zan yi. Yarinya ce, karatu ya yi mata yawa, ba ta taɓa jefa taru ba."

Alhamis da rana, Dubravka ta gama gwajinta na ƙarshe, komai daidai, ta tafi gida da wuri ta huta. Gvozden ya jira har ƙarar takalminta ta ɓace, ya zauna a kujerarta. Ya riga ya lura da ɗan gurbin da take rubuta girman idon saƙar. Arba'in ya gani a ciki. Ya goge ya sa ashirin. Hoton ya ƙara duhu. Ya sa goma. Ya karkata kai ya duba kamar mai sayen taru a kasuwa.

"Har yanzu ɗan kifi zai wuce."

Ya sa ɗaya. Kwamfuta ta tambaye shi wani abu da jan rubutu, ya danna e. Ta sake tambaya, ya sake dannawa, yana cewa, "Da wa kike gardama?" Allon ya koma baƙi ƙirin, ko tsinin allura ba zai sami wurin shiga ba. Gvozden ya sumbaci yatsunsa.

Akwatin ya fara huci. Can sai wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a goshinsa, tana ƙiftawa. Fitilar da ke nuna akwatin ya makara ce, tana cikin littafin Milutin shafi na biyu. Gvozden ya ɗauko filasta a akwatin magani ya manne mata. Hucin ya ƙaru, ya buɗe taga. Ya ƙaru, ya je kantin abinci ya ɗauko fankar mai dafuwa ya kafa masa.

Yana shirin fita sai idonsa ya faɗa kan ɗan ƙwan fitilar da rele ke kunnawa. Ya tsaya ya yi tsaki. Manyan mutane su taso tun daga madatsar ruwa, a nuna musu ƙwan da bai kai na keke ba? Ya cire wayoyin ƙwan, ya bi da su ta taga, ya hau tsani, ya haɗa su da jiniyar da ke kan rufin masana'anta. Jiniyar nan ita ke tafiyar da garinmu. In ta yi gajeren kuka, an tashi aiki, kowa ya kama hanyar gida. In ta ja kuka ba tsayawa, gobara ce.

Juma'a ta zo da rana mai kyau. A tsakar fili aka ɗora ƙatuwar tukunyar miyar kifi a kan itace, jawur da tattasai, aka jera tebura. Baƙi uku suka iso a mota ƙarfe goma da rabi, shugabansu wani dogo mai tabarau, Injiniya Obrad. Na huɗunsu a jirgin ƙasa zai zo, Darakta ya tura Dubravka tasha ta taro shi tun kafin ta leƙa ɗakin gwaji. Jirginmu kuwa bai taɓa zuwa a kan lokaci ba, sai rana ɗaya, shi ma na jiya ne.

Ljubisav wanzami ya cika alkawari. Ya zo da surukarsa, da mai gidan burodi, da ɗan aiken gidan waya, da tsofaffin da ke wasan dara a gindin bishiya. Leposava ta zo ta tsaya can baya ta harɗe hannu.

Sha ɗaya ta yi, ba Dubravka. Obrad ya dubi agogo. Darakta ya fara zufa.

"Darakta," in ji Milutin a hankali, "a jira ta. Akwatin nan ba haka yake numfashi ba jiya."

"Kum tsoro yake ji," in ji Gvozden da ƙarfi. "Ba laifinsa ba ne, haka aka haife shi, Allah ya ƙara masa lafiya. Ranka ya daɗe, ku shigo. Yarinyar ta yi ƙoƙari, ni na ƙarasa."

Aka cika ɗakin gwaji har bakin taga. Gvozden ya tsaya gaban baƙin allon, ya yi bayanin lantarki tun daga tsawa. Obrad ya katse shi.

"Maistor, ina hoton? Ban ga komai ba."

"Shi ne ƙwarewar. Mreja mai kyau, kifi ma ba ya ganinta. Danna jan nan, ka riƙe hularka."

Obrad ya danna. Gvozden ya toshe kunne. Shiru. Akwatin dai na huci, fanka na kaɗawa.

Obrad ya sake dannawa. Shiru.

Da wani mutum ne, da tuni ya nemi ƙofa. Gvozden kuwa wani haske ne ya sauko masa, ya buga ƙirji.

"Kun gani? Kun gani da idonku? Haɗarin ya shiga, ya rasa ta inda zai fita! Ya maƙale a saƙata! Mai gadi ma bai san an yi ba!"

"Maistor," in ji Obrad, "ai mu mai gadin muka zo gwadawa."

"Wa ke neman mai gadi a gidan da ɓarawo ba ya iya shiga? Ranka ya daɗe, taransifomar da na saƙa ba ta ƙonewa. Ku kai ta madatsar ruwa, ku sallami rele ya tafi noma."

Darakta Svetozar, wanda asalinsa ɗan kasuwar taya ne, ya dubi fuskokin mutane, ya ga ana gyaɗa kai, shi ma ya gyaɗa. Obrad ya buɗe baki zai yi magana, Gvozden ya riga shi.

"Duk wanda ya iya sa abin nan ya motsa, ga gashin bakina, a aske a tsakar fili!"

Ljubisav ya ture mutum uku ya iso gaba. Sau talatin da ɗaya ya danna, da yatsa, da gwiwar hannu, har da gindin almakashi. Surukarsa ta danna ta yi alamar gicciye. Mai gidan burodi ya danna ya bar gari a kan maɓallin. 'Yan dara suka yi layi. Ɗan aiken gidan waya ya danna sau biyu ya ce a sa masa hannu. Milutin na gefe yana jan 'yan layuka a littafinsa, biyar-biyar.

"Kum, me kake rubutawa? Waƙar yabona?"

"Baƙi nake ƙirgawa, kum. Waɗanda suka shiga ba su fito ba."

Har ƙarfe ɗaya saura ba Dubravka, aka fita cin abinci. Aka zuba miya, aka zagaya da rakiya, barasar garinmu, a 'yan kofuna. Obrad na cin abinci yana ɓata fuska kamar wanda ya haɗiyi ƙaya. Darakta kuwa kofi biyu suka ishe shi yanke hukunci. Ya aika aka ɗauko rigar, ya miƙe ya bubbuga cokali.

"Jama'a! Na ce sai bayan baƙi sun tafi, amma abin da ido ya gani ya gani. Maistor Gvozden, taso."

Gvozden ya taso a hankali kamar limamin coci ranar idi. Ya ba da baya, ya miƙa hannun dama. Darakta ya zura masa hannun rigar. Gvozden ya waiwayi Milutin, ya ɗaga masa yatsu.

Nan jiniya ta fashe da kuka.

Ma'aikata sittin suka miƙe lokaci ɗaya. Ba wanda ya dubi agogo, shekara da shekaru ƙafafunsu ke jin jiniya kafin kunnensu. Wasu da kwano a hannu, wasu da cokali a baki, suka nufi ƙofa. Mai gadin ƙofa ya wangale musu.

"Ku dawo!" Darakta na ihu. "Ɗaya da minti goma! Ina za ku?"

Jiniya ba ta tsaya ba. Rele in ya yanke, a yanke yake zama sai an mayar da shi da hannu. Kukan ya wuce na tashi aiki, ya shiga na gobara. Waɗanda suka kai titi suka yi cirko-cirko, suka juyo a guje, don rabinsu 'yan sa-kai ne na kashe wuta. Shugabansu kuwa ba kowa ba ne illa Ljubisav wanzami. Ya jefar da ƙashin kifi, ya haye benci.

"Mesa! Ku jawo mesa! Ina wutar?"

Aka duba gabas aka duba yamma. Hayaƙi ɗaya ne a duk filin, na ƙarƙashin tukunyar miya.

"Ba nan ba!" Gvozden ya ruga da hannu ɗaya a riga, sauran rigar na jan ƙasa. "Ku tsaya, ni na san..."

Ruwan ya bugi gindin tukunya, tukunya ta tuntsure, miyar kifin mutum tamanin ta tashi sama ta sauko. Darakta ya samu rabonsa, Obrad ya samu kan tarwaɗa a cinya, amma kaso mafi tsoka na Gvozden ne. Ya tsaya jawur tun daga gira har takalmi, ganyen faski a gashin baki.

Jiniya ta yi shiru. Milutin ne ya shiga ɗakin gwaji ya mayar da rele, ya fito yana goge hannu.

A cikin wannan shirun Dubravka ta shigo da baƙo na huɗu riƙe da jakarsa. Ta dubi filin, ta dubi rufi, ta bi wayoyin da ido har taga. Ta shige ciki. Jama'a suka bi ta suna ɗiga. Ta ga fankar kanti. Ta ga baƙin allo. Ta sa farce ta ɓare filasta, fitilar makara na ta ƙiftawa kamar mai neman ceto.

"Kawu Gvozden. Nawa ka sa?"

"Ɗaya." Ya share miya daga ido. "Da akwai rabi da na sa."

Ta danna wani abu, agogon cikin akwatin ya fito. "Injiniya Obrad, ƙarfe nawa ka fara dannawa?"

"Sha ɗaya da 'yan mintoci."

"To, amsarka ce ta iso yanzu. A cikin akwatin nan ko daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba tun lokacin. Kawu Gvozden ya ba shi idanu miliyoyi ya ce ya lissafa. Bawan Allah yana ta yi, sai da ya gama dannawa ta farko ya amayo wa rele."

"Ya iso dai, ko bai iso ba?" in ji Gvozden. "Ni ban ce ba zai iso ba."

"Ka ce ya maƙale!" in ji mai gidan burodi.

"Awa biyu ya yi a maƙale! Wa ya taɓa riƙe lantarki awa biyu a garin nan? Ku nuna min shi!"

"Da a madatsar ruwa ne," in ji Obrad yana goge tabarau, "da yanzu mun gama kashe wutar, mun share toka, muna shan kofi, sannan mai gadi ya ce ya ji motsi."

Ljubisav ya ciro reza daga aljihu, ya buɗe ta a hankali. "Maƙwabci, a tsakar fili ka ce, ko?"

Leposava ta ratso mutane ta tsaya gaban mijinta. "Mayar da rezarka, Ljubisav. A duk jikin mutumin nan gashin bakin ne kaɗai ke aiki yadda ya kamata. Kuma kai ne ka kashe gobarar miya, kada mu fara ƙirga."

Darakta ya matso, miya na bin kwalarsa, ya kama hannun rigar da ke lilo ya ja. Gvozden ya riƙe.

"Darakta, rabi ta riga ta shiga. Abin da ya shiga..."

"Saki."

"A bar min hannun daman, kum ya ɗauki na hagu."

"Gvozden!"

Ya saki. Darakta ya miƙa wa Milutin rigar da yatsu biyu tana ɗiga. Sannan ya juya ga Dubravka. "Kashe abin nan, ki mayar da naki, ki nuna wa mutanen nan kafin in mutu."

Akwai ƙaramin akwati na ajiya a kabad. Cikin minti goma ta haɗa shi da wani rele, ta ɗora saƙarta mai manyan idanu. Obrad ya danna, tas. Aka mayar da rele, ya sake, tas. Ya cire tabarau ya yi murmushinsa na farko a ranar.

Da ta kai hannu za ta kashe babban akwatin, sai ya tare ta. "Dakata, abokiyar aiki. Ina shaidar cewa saƙarki mai manyan idanu ba ta yin ƙarya? Ga mai ƙananan idanu ta riga ta kama aiki. Bar ta ta gama, mu gwada amsoshin biyu. In sun zo ɗaya, na yarda da akwatinki."

Idon Dubravka ya ɗan yi haske. "Tun bara nake son wannan gwajin, na rasa mai haƙurin zama. Duk wanda ya fito sai an mayar da rele da hannu kafin na bayansa ya fara. Sau nawa aka danna?"

Milutin ya buɗe littafi. "Casa'in da huɗu. Ɗaya ya fito."

"Awa bibbiyu. Wata guda ke nan na aiki."

Kawunan mutane suka juya wuri ɗaya.

Tun daga Litinin aka ajiye wa Gvozden kujera marar jingina a gefen akwatin. An sauke wayoyin daga rufi an haɗa su da ƙararrawar ƙofa. Shuɗin kayansa ne a jikinsa, na shekara talatin da ɗaya. Mutanen gari suka mayar da wurin wajen yawo, kowa na zuwa tambayar ko nasa ya fito. Ljubisav kullum sai ya leƙo, don shi talatin da ɗaya gare shi a hanya, ya ce ba zai so su iso ba kowa nasu a wurin ba.

Ranar Laraba Milutin ya shigo da kofi biyu a faranti. An wanke rigar sau uku, amma hannun dama ya ƙi, ya tsaya ruwan hoda. Ya tarar da Gvozden ya tara direbobi biyu yana musu bayani.

"...sai baƙon ya ce, in ba lissafin Maistor Gvozden ba, ba zan yarda da komai ba. A gaban kowa ya faɗa. Duk masana'antar nan ni kaɗai aka amince wa zama a nan. A'a, kum! Shigo, kada ka ji kunya. Rigar ta ɗan yi maka yawa a kafaɗa."

"Haka ne, kum. Babban mutum ne ya fara shiga."

"In ka ga abin da ya shige maka duhu, ka tambaye ni."

"Zan tambaya. Sha kofinka kafin ya huce."

Gvozden ya kai kofi baki ke nan, ƙararrawa ta ɗauki ƙara. Direbobin suka zabura. Milutin ya nuna rele da haɓa.

"Kum, baƙonka ya iso."

Gvozden bai ko waiwaya ba. Ya hura kofin, ya kurɓa, ya gyara gashin baki da bayan hannu.

"Bari ya jira. Ai ni na koya masa."